An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Idan makaɗi ya ce maka jitarsa a saite take, yana da kyau ka tambaye shi wane saitin yake nufi, domin saiti iri biyu ne. Akwai wanda kowa ya sani, wato a murɗa kunnuwan jita har kowace tsirkiya ta ba da amon da aka yanka mata. Wannan aikin minti ɗaya ne, kuma a yau ko yaron da ya fara taɓa jita jiya yana iya yin sa da wayar hannunsa. Akwai kuma na biyu, wanda ba kowa ya damu da shi ba, wato a tabbatar cewa tsirkiyar da ta faɗi gaskiya tana sake za ta ci gaba da faɗinta idan yatsa ya danne ta a ko'ina a tsawon wuyan jitar. Makaɗan zamani suna kiran wannan intoneshan. A kansa nake so mu ɗan tattauna da mai karatu, musamman a kan jitar bes, mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, wadda na shafe shekara ashirin da 'yan kai ina taɓawa idan na taso daga aji.

Na san za a ce ina ruwan malamin adabi da noti da sukudireba. To, sunaye ne suka fara jan hankalina. Ɗan icen nan da ke tallafe da tsirkiyar goge a kan fatar ƙwarya, Bahaushe ya sa masa suna jaki, kuma sunan ya dace, tunda shi ke ɗauke da kayan, ba kuma a yaba masa. Ita ma jitar bes tana da nata jakin, na ƙarfe, can ƙasan cikinta. A bisansa akwai wasu 'yan ƙarafa huɗu, kowace tsirkiya da nata, waɗanda Bature ke kira da kalmar da ke nufin sirdi, ko da yake mu akumari muka san jaki da shi. Kowane sirdi yana da dogon noti a bayansa, mai jan sa baya ko sakin sa gaba. A ɗaya ƙarshen, wajen kai, tsirkiyoyin suna kwance a kan wani ɗan ƙashi mai tsaga huɗu, wanda zan kira matashi. Tsakanin matashi da sirdi nan ne tsirkiya ke kaɗawa, kuma duk zancenmu a kan wannan tsawon yake. Shi kuwa wuyan an gindaya masa siraran ƙarafa, sun raba shi daki-daki kamar karan rake, don haka zan kira su gaɓoɓi.

Waɗannan gaɓoɓi su ne dalilin zuwan jitar bes duniya. Kafin ita, mai riƙe wa ƙungiyar makaɗa kaurin amo a Turai da Amurka wani ƙaton goge yake runguma, wanda ya kai tsayin mutum, wuyansa sumul babu alama ko ɗaya, sai wanda ya daɗe yana horar da kunne da yatsa ke iya sauka daidai a kansa. A 1951 Leo Fender, wanda ya fara sana'a da gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ya fitar da bes mai aiki da lantarki, wadda ake ratayawa kamar jita, ya gindaya mata gaɓoɓi, ya sa mata suna Precision Bass, wato bes mai ba da amo daidai wa daida. Wani Paul Tutmarc ya riga shi tunanin a Siyatil tun shekarun 1930, amma ta Fender ce ta karɓu. Tsawon tsirkiyarta inci 34 ne, wato milimita 864, kuma har yanzu shi ne tsawon da aka fi ƙerawa. Abin lura a nan shi ne, jakin farko sirdi biyu kacal gare shi, tsirkiya biyu-biyu suna goyo a kan ɗaya. A 1957 da aka sake wa bes ɗin fasali, sai aka ba kowace tsirkiya nata sirdin. Cikin shekara shida ke nan ya bayyana cewa gaɓoɓi kaɗai ba su isa su cika alkawarin da sunan ya ɗauka ba.

Lissafin gaɓoɓi tsoho ne ƙwarai. Tun zamanin Girkawan dauri an san cewa idan aka raba tsirkiya biyu, rabin zai ba da amon asali a ninke, wato amo ɗaya ne amma da siririyar murya, kamar yaro yana amsa wa babba waƙa. Alfarabi, wanda ya rasu wajen 950, ya yi dogon bayani a kan inda ake ɗaura gaɓoɓi a wuyan udu, molon Larabawa. Jitar zamani ta raba tazarar da ke tsakanin amo da ninkinsa gida 12 daidai da juna. Vincenzo Galilei, mahaifin Galileo masanin taurari, ya ba da shawara a 1581 cewa a raba tsawon tsirkiya gida 18, a kafa gaɓa a kan kaso ɗaya, a sake raba abin da ya rage gida 18, haka nan har ƙarshen wuya. A 1584 wani ɗan sarauta a ƙasar Sin, Zhu Zaiyu, ya fitar da cikakken lissafin, wanda a yau maƙera ke aiki da shi ta hanyar raba tsawon da 17.817. A bes mai inci 34, gaɓa ta farko tana faɗawa a inci 1.9 daga matashi, ta 12 kuwa a inci 17, tsakiya cif.

A takarda ke nan, takarda kuwa ba ta san yatsa ba. Tsirkiya tana sama da wuya da milimita biyu ko uku, in ba haka ba za ta riƙa gogar ƙarafan tana kuka kamar ƙuda a kwalba. Duk sanda aka danne ta sai ta ɗan miƙe, miƙewar ta ƙara mata tsauri, tsaurin ya ɗaga amon. Daɗin daɗawa, tsirkiyar bes igiyar ƙarfe ce da aka nannaɗe da wani ƙarfen, mai kaurin cikinsu takan haura milimita biyu da rabi. Abu mai kauri haka ba ya lanƙwasa daga daidai bakin sirdi. Ɗan guntun da ke kusa da sirdin a sandare yake, ba ya shiga rawar, saboda haka tsawon da ke kaɗawa ya gaza wanda aka auna da tef, gajeruwar tsirkiya kuwa amonta sama yake. Dalilan nan biyu gefe ɗaya suke turawa, maganinsu kuma ɗaya ne: a ja sirdi baya kaɗan, a ƙara wa tsirkiya tsawon da yatsa da kauri za su ci. Mai kauri ta fi siririya bukatar ƙarin. Shi ya sa idan ka dubi jakin bes da aka gyara da kyau, za ka ga sirdunan a karkace kamar matakala, na tsirkiyar E can baya, na G a gaba.

Domin mu san girman abin da ake magana a kai, masana sun raba tazarar kowace gaɓa gida 100, mu kira kowane kaso ƙwaya. Jan sirdi baya milimita ɗaya yana sauke amon gaɓa ta 12 da kimanin ƙwaya 2. Tsirkiyar E tana sake takan kaɗa sau 41 da ɗoriya a sakan guda, A sau 55, D sau 73, G sau 98. Idan E ta zarce da ƙwaya 10 a gaɓa ta 12, aka haɗa ta da kibod, amon biyu za su shiga kokawa, sautin ya riƙa kumbura yana saɓewa kusan sau ɗaya a duk sakan biyu. Mai sauraro ba zai taɓa zargin bes ba, domin kunne ba ya saurin kama kuskure a amo mai kauri. Zai dai ji wani abu bai zauna ba, sai ya nemi mai laifi a inda idonsa yake, wato wurin mai waƙa. Shi kuwa mai waƙa, ko ya sani ko bai sani ba, a kan bes muryarsa take zaune, kamar yadda bango ke zaune a kan harsashi.

Na ga wannan da idona shekara biyu da suka wuce, muna shirin makon Hausa na sashenmu. Ɗalibai sun tsara wasan kwaikwayo, suka rubuta waƙar da za a rufe shi da ita, suka ba wata 'yar aji biyu ta rera. Yarinyar ba ta sha Hausa a nono ba, amma ta yi makonni tana fama da hawa da saukar muryar kalmomi har suka zauna mata a baki. A tsakiyar waƙar akwai inda ganga da kibod ke yin shiru, a bar ta ita da bes su yi ɗango huɗu, mai bes ya haura can gaɓa ta 12 zuwa ta 14, sannan kibod ya dawo. To, duk sanda kibod ya dawo sai a ji muryarta a bisa kansa, sun ƙi haɗuwa. Aka maimaita, aka sake maimaitawa. Mai kibod ya fito da wayarsa, ya sa aka kaɗa tsirkiyoyin bes huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowace ta kunna kore. Shi ke nan, shari'a ta ƙare. Wasu suka ce tsoro ne, wasu suka ce ai dama harshen ne bai zauna mata ba. Kwamitin ɗalibai ya yanke a ba wata waƙar.

Kwana biyu bayan haka ta zo ofishina da takardar neman sauya darasi. Mai karatu da ya san irin sashenmu a nan Kudu, inda ake ƙirga ɗaliban Hausa da yatsun hannu, ya san abin da takarda irin wannan take nufi. Na roƙe ta ta riƙe takardar zuwa yamma, na bi ta wurin gwaji. Ban dubi bakinta ba, hannun hagun mai bes na zuba wa ido. Da aka kai ƙarshe na ari wayar nan dai ta mai kibod, na ce wa mai bes ya danne gaɓa ta 12 a tsirkiyar A ya kaɗa. Allurar ta karkata dama, ta tsaya wajen ƙwaya 20. Aka gwada D, ita ma ta zarce. Ɗakin ya yi tsit. Da na juya jitar na dubi jakinta, sai ga sirduna huɗu a jere reras, kai ɗaya, notinsu duk sun yi tsatsa sun ƙi motsi. Jitar gwanjo ce, da kuɗin karo-karo ɗalibai suka saye ta, kuma haka ta zo musu.

Washegari muka ɗauke ta, ni da mai bes da yarinyar, muka nufi shagon wani dattijo a bayan kasuwa, wanda a wurinsa na koyi ɗan abin da na sani na wannan aiki. Hausarsa ta Sabon Garin Kano ce, inda ya yi ƙuruciyarsa yana kaɗa wa wata ƙungiyar hailaif bes. Bayan mun gaisa, ya karɓi jitar ya ɗaga ta sama yana duban jakin.

"Malam, wa ya jera waɗannan kamar sojoji a fareti?"

"Baba, haka aka sayo ta."

"To, wanda ya yi wannan da ido yake kiɗa."

Na zaci sukudireba zai fara ɗauka, sai ya ce a kwance tsirkiyoyin gaba ɗaya. Mai bes ya ce ai ba ko ɗaya da ta tsinke. Baba ya ce masa, "Yaro, da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da tsohuwar tsirkiya." Ya zare ta A ya ja ta tsakanin yatsunsa, ya nuna mana inda ƙarafan wuya suka ci ta, da inda gumi da datti suka daskare a cikin naɗinta. Tsirkiyar da nauyinta bai zama ɗaya ba daga farko zuwa ƙarshe, rabinta ba zai ba da ninkin amonta ba, ko ina aka kai sirdi. Ya ce a zamaninsu, idan babu kuɗi, tafasa tsirkiyoyi suke yi a tukunya, dattin ya fita muryar ta ɗan washe, amma ruwan zafi ba ya cike gurbin da ƙarfe ya ci. Aka ɗaura sababbi, ya riƙa jan kowace da hannu yana sake saita ta, har ta daina sauka. Notin kuwa ya ɗiga musu mai ya bar su su sha.

Daga nan ya koma kan wuya. A cikin wuyan bes akwai sandar ƙarfe da ke jayayya da tsirkiyoyi, su suna jan sa ya ranƙwafa, ita tana miƙar da shi. Ya danne tsirkiyar E a gaɓa ta farko da ta ƙarshe, ya leƙa tazarar da ke tsakaninta da gaɓa ta 8. Ya ce kada ta wuce kaurin ɗan kati, wato kimanin sulusin milimita. Tamu kwabo ma zai shige. Ya zura ɗan makulli mai kusurwa shida, ya murɗa rubu'in zagaye, ya ajiye jitar ya aika a sayo mana lemo, domin a cewarsa ice ba ya son gaggawa. Da wuyan ya miƙe, sai ya sauke sirdunan ƙasa har tsirkiyoyin suka kusanci gaɓoɓi, sannan ya ɗan nesanta maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, tunda idan ya matso sosai yakan ja tsirkiya ya dagula mata kaɗawa. Duk wannan share fage ne, kuma dole ya riga, domin kowane ɗaya daga cikinsu yana sauya yawan miƙewar da tsirkiya za ta yi a ƙarƙashin yatsa. Wanda ya fara da sirdi ya ƙare da wuya, aikin baban giwa ya yi. Da aka sake aunawa, ƙwaya 20 ɗin nan ta riga ta sauko wajen 10, ba a ko taɓa dogon noti ba.

Sai yanzu aka zo kan ainihin aikin. Baba ya miƙa wa mai bes jitar ya ce ya rungume ta kamar yadda yake yi a dandali, domin idan aka kwantar da ita a tebur nauyin wuyan kansa yana sauya amo. Ya sa shi ya saita tsirkiyar E tana sake. Sannan ya ce ya ɗora yatsa a kanta daidai saman ƙarfen gaɓa ta 12, shafa kawai ban da danni, ya kaɗa ya ɗauke. Wani siririn amo ya fito kamar na ƙararrawa. Wannan amon shafa shi ne shaida, domin tsirkiyar ce da kanta ta rabu biyu, babu ƙarfe ko danni a ciki. Sai ya ce ya danne gaɓar sosai ya kaɗa. Amon biyu ya kamata su zama ɗaya. Mai bes ya so Baba ya danna da kansa, Baba ya ƙi, ya ce, "Hannunka za ta yi wa aiki, ba nawa ba. Danna yadda ka saba, kada ka yi mata kara don ina nan." Ya kuma hana shi karanta allurar da zarar ya kaɗa, saboda bugun farko yakan haura sama kafin amon ya kwanta.

Ƙa'idar kuwa ya faɗe ta a jimla ɗaya: in ta zarce a ƙara mata igiya, in ta gaza a rage mata. Wato idan amon danni ya fi na shafa sama, a ja sirdi baya, nesa da wuya. Idan ya fi shi ƙasa, a sake shi gaba. Kafin ya murɗa noti sai ya sassauta tsirkiyar, don kada sirdin ya karce ta ko zaren notin ya lalace. Bayan ya murɗa sai ya danna ta da babban yatsa a daidai bakin sirdi, don ta karye a nan ta zauna, ya sake saita ta, a sake gwadawa. Kowace tsirkiya sai da ta sha wannan zagaye sau uku ko huɗu. Shi Baba bai dubi waya ko sau ɗaya ba. Runtse ido yake yi yana sauraron kokawar amon biyu, yana jin tana raguwa har ta mutu, sannan ya ce wa yaran su tambayi wayarsu. Da huɗun suka zauna bai tsaya nan ba, ya bi gaɓa ta 5 da ta 7 da ta 17 da ta 19, domin ta 12 tana iya yin daidai alhali wata ta zaizaye, ko matashi ya yi tudu yana ɗaga amon gaɓoɓin farko. A ƙarshe sirdin E ya koma baya kusan milimita 5, sauran suka bi shi daki-daki, fareti ya watse.

Akwai wani tsohon kibod a shagon. Baba ya ce a yi masa wurin da ake rigima a kai. Mai bes ya haura, yarinyar ta rera ɗangonta huɗu, Baba ya shigo da kibod, murya da kibod suka haɗu kamar ruwa da ruwa. Ya dube ta ya ce, "'Yata, kunnenki ne ya jawo miki. Da ba ki da kunne, da ba ki bi ta ba." Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Mai raunin kunne da ya rera abinsa yadda ya haddace, bes ta yi gabas ya yi yamma, kibod ya dawo ya same shi kusa da inda ya bar shi, a tafa masa. Ita kuwa ta saurari abokin tafiyarta, ta bi shi sau da ƙafa har inda ya ɓata, aka kama ta a can. Ta rera waƙar a ranar taro, takardar sauya darasi ba ta dawo ofishina ba, yanzu haka tana aji huɗu tana rubuta kundinta a kan waƙar baka.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa bes ɗin da ta fito daga hannun Baba ta kuɓuta daga kuskure. Rabon nan na gida 12 daidai da juna shi kansa sulhu ne. Amon da kunne ya fi jin daɗin haɗuwarsa da amon asali yana nesa da shi da ƙwaya 702, amma gaɓa ta 7 tana ba da 700. Wani kuma yana ƙwaya 386, gaɓa ta 4 tana ba da 400, ta zarce da 14 ke nan, kuma babu notin da zai gyara wannan. Abin da masu lissafi suka yi shi ne raba kuskuren a kan gaɓoɓin duka, kamar kuɗin gyaran rijiya da aka yanka wa kowane gida a unguwa, don kada ya taru a kan ɗaya, kuma don a iya fara waƙa daga kowane amo. Kibod ma a kan wannan sulhu aka gina shi. Aikin mai gyaran sirdi shi ne ya tabbatar bes ta biya daidai abin da aka yanka mata, ba ta ƙara nata a kai ba.

Makaɗanmu na gargajiya ba su shiga wannan yarjejeniya ba. Goge da kukuma da garaya babu gaɓa a wuyansu. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya ta kuntigi ya zaga duniya, kuma kowane amo da ya fitar yatsansa ne ya nemo shi a lokacin. A wurin irin waɗannan, gyaran da Baba ya yi awa biyu yana yi, ana yin sa ne a kan kowane bugu, kunne yana umarni yatsa yana gusawa. A shekarun 1970 wani gwanin bes Ba'amurke, Jaco Pastorius, ya ciccire ƙarafan wuyan jitarsa ƙirar Fender Jazz Bass ya cike gurabensu, ya shahara da wata murya mai kama da ta mutum. Ya koma ne inda mai goge bai taɓa bari ba. Gaɓoɓi sun sauƙaƙa wa mai koyo, sun ba da damar mutum goma su yi kiɗa tare, amma sun ɗauke amanar amo daga yatsa sun ɗora wa jaki, kuma duk wanda aka ɗora wa amana sai an riƙa waiwayarsa.

A nan ne abin ya taɓa sana'ata, domin rabin aikin malami awo ne. Wayar mai kibod ba ta yi ƙarya ba. An tambaye ta ko tsirkiyoyi suna daidai a sake, ta ce suna daidai, aka ɗauki amsar aka yanke hukunci a kan abin da ba a tambaye ta ba. Ɗalibin rubutacciyar waƙa ya san irin wannan. Baiti yana iya ƙarewa da amsa-amo mai daɗi, ɗango bayan ɗango, alhali karin ya gurgunce a ciki, ba kuwa za a gane ba sai an bi shi gaɓa-gaɓa, mai nauyi da marar nauyi. Haka kuma an sha ɗora waƙar baka a kan ma'aunin arulin Larabci a ce ta karye, alhali ganga ce ke riƙe da karinta. Mai sayen hatsi da ya san kasuwa yakan juya mudu ya dubi gindinsa kafin a fara zuba masa. Idan yaro ɗaya yana faɗuwa a wuri ɗaya kullum, kuma yana tafiya lafiya a sauran wurare, a duba ƙasar wurin kafin a duba ƙafarsa.

Shi kuma jaki ba a gyara shi sau ɗaya a ce an gama, domin wuyan bes ice ne, ice kuwa yana shan iskar garin da yake zaune. A nan Kudu damina takan cika shi da laima ya kumbura, wuyan ya miƙe ko ma ya ɗan banƙare, tsirkiyoyi su kwanta a kan ƙarafa. Idan hunturu ya sauko daga Arewa sai ya bushe ya tsuke, wuyan ya ranƙwafa, tsirkiyoyi su yi sama, har bakin ƙarafan ya riƙa karce hannu. Kowane sauyi yana taɓa amon gaɓoɓi, haka ma sauya kaurin tsirkiya. Saboda haka sau biyu a shekara, da saukar ruwan farko da kuma sanda leɓe ya fara tsagewa, nakan rungumi tawa jitar, in shafa gaɓa ta 12, in danne ta, in saurara. Yanzu ma mai bes na sashenmu ya sayi tasa sukudirebar, tana cikin jakar jitar, kuma an ce ba ya bari a fara gwaji sai ya yi wa wayar tambaya ta biyu.